Kwana Uku a Kan Keke: Haƙƙin Mai Gumi a Tsibirin Sisili

Ɗan'uwa mai aiki a Italiya, da kai nake. Kai mai tsinkar zaitun a Campobello di Mazara idan Oktoba ta kama, kai mai wanke tukwane a bayan gidan abinci a Palermo, kai mai sauke kaya a sito tun kafin asuba, da ke 'yar'uwa mai jinyar tsohuwa dare da rana: yaushe rabonku da kwana uku a jere ba wanda ya kira sunanku don ya sa ku aiki? Na san amsar da yawa daga cikinku. Za ku ce gida na jira, ga kuɗin makaranta, ga ginin da ba a kai linta ba. Gaskiya ne, Allah ya saka muku da alheri. Amma jikin da ke nemo wannan kuɗin amana ne, kuma addininmu ya koya mana cewa yana da haƙƙi a kan mai shi.

Dokar ƙasar da kuke ciki ma ta tsaya muku. Sashe na 36 na tsarin mulkin Italiya ya ba ma'aikaci hutun mako da hutun shekara tare da biya, har ya hana shi yafe wannan haƙƙi ko da yana so. Dokar 2003 ta yanke aƙalla mako huɗu a shekara. Ba kyauta aka samu irin waɗannan abubuwa ba. A ranar 1 ga Mayu, 1947, manoma da leburori sun taru da iyalansu a Portella della Ginestra, kusa da Palermo, don bikin ranar ma'aikata, 'yan bindigar ɗan fashi Salvatore Giuliano suka buɗe musu wuta, mutum 11 suka mutu, har da yara. A kan wannan tsibiri na Sisili aka zubar da jinin. Don haka in ka je karɓar hutunka, ka shiga ofis kanka a ɗage, ba roƙo ka zo ba.

To, ina za ka da shi? Ni shawarata ka hau keke ka zaga yammacin Sisili. Attajiran Turai suna biyan kuɗi mai yawa su zo Bahar Rum su yi wannan tafiya, kai kuwa tana bakin ƙofarka. Ƙafar da ta saba wuni a tsaye ba za ta ji tsoron feda ba.

Ka fara daga Trapani ka nufi kudu zuwa Marsala. Kimanin kilomita 30 ne, ƙasa shimfiɗe, ba hawa ba gangara. A hannun damanka fadamun gishiri ne, an yanka su fegi-fegi, ruwan teku yana ƙafewa a ciki har ya koma ja-ja, tsofaffin injinan iska suna tsaye a tsakani. Gishirin da aka kwashe da rani an tara shi tsibi-tsibi, wani an rufe shi da jan tayil saboda ruwan sama. Ka tsaya ka duba da kyau, domin mutane irinka ne suka kwashe shi da shebur cikin zafin rana, zuriya bayan zuriya. Wanda bai taɓa aikin ƙarfi ba hoto kawai zai ɗauka ya wuce. Kai za ka san nauyin kowane tsibi a kafaɗarka, kuma yau kai ne mai kallo, iska na kaɗa rigarka, ba mai cewa ka yi sauri.

Rana ta biyu ka ƙarasa Mazara del Vallo, tafiyar da ba ta kai ta jiya ba. A nan rundunar Musulmi ta sauka a shekarar 827, ƙarƙashin Asad ibn al-Furat, alƙalin Ƙairawan wanda ya yi karatu a gaban Imam Malik a Madina. Mu da muka tashi cikin mazhabar Malikiyya, wannan gari ba baƙo ba ne a tarihinmu. Zamanin da ya biyo baya ne ya yaɗa noman lemo da rake da dabarun ban-ruwa a tsibirin. Har yau akwai tsohuwar unguwa mai lunguna da ake kira Kasba, inda iyalan masunta 'yan Tunisiya suke zaune, kuma za ka sami inda za ka yi salla. Da yamma jirgin ƙasa zai mayar da kai Trapani tare da kekenka.

Sai abinci, kuma a nan nake so ka saki hannu kaɗan. Shekara nawa kana cin taliya da tumatirin gwangwani a tsaye don ka tara? Zauna a kujera, a kawo maka. A Trapani abin alfaharinsu kuskus ne, wanda ake murza tsakinsa da hannu a cikin kasko mai faɗi, a turara, sannan a jiƙa shi da romon kifi. Wanda ya tashi da dambu zai gane shi tun loma ta farko. Akwai busiate, taliya murɗaɗɗiya da ake haɗawa da dakakken almon da tumatir da tafarnuwa. Akwai pane cunzato, burodi mai ɗumi da aka tsiyaya wa man zaitun, aka sa tumatir da cuku da ƙananan kifi, abincin talaka ne tun asali, kuma guda ɗaya zai riƙe ka har la'asar. Idan rana ta yi zafi ka nemi granita, niƙaƙƙiyar ƙanƙara da ruwan lemon tsami. Ka tambaya ko an sa naman alade ko giya a girki, ba abin kunya ba ne, amma a bakin teku kifi ya ishe ka. Man zaitun ɗin da ke sheƙi a kan burodin nan, wataƙila hannunka ne ya tsinko 'ya'yansa. Ka ci da bismilla, ka ƙoshi.

Rana ta uku ka bar wa tsibirin Favignana. Jirgin ruwa mai sauri yana kaiwa daga Trapani cikin kusan rabin awa, kuma da ka sauka ga masu ba da hayar keke a tashar. Tsibirin ƙarami ne, tsawonsa kusan kilomita 9, gabashinsa kwance. Ka taka zuwa Cala Rossa, inda aka daɗe ana yankan dutsen gini har gaɓar ta zama ɗakuna-ɗakuna, ruwan kuma garau kana hango ƙasansa. Kafin ka koma ka shiga tsohuwar masana'antar kifin tuna ta iyalin Florio, waɗanda suka sayi tsibirin a 1874. Yanzu gidan tarihi ce. Jiragen masunta da manyan tukwanen dafa kifi suna nan, shaidar maza da matan da suka ƙarar da ƙarfinsu a wurin.

Ka guji Agusta, zafi ya yi yawa, kuɗin ɗaki ya hau. Afrilu da Mayu sun fi, ko ƙarshen Satumba kafin a shiga kakar zaitun. Ku haɗu ku uku ko huɗu, ku raba kuɗin masauki, kowa da gorar ruwansa da hular kwano.

'Yan'uwa na gida da ke karanta wannan, ban ce kowa ya kama hanyar Agadas ba. Wannan teku mai kyau ya cinye 'ya'yanmu da yawa, ba hutun da ya kai rai. Ku ma dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba ku hutun aƙalla kwanakin aiki shida tare da biya bayan wata 12, ku nema ku karɓa.

Kai kuma na Italiya, yau da dare ka ɗauko takardar albashinka ka duba inda aka rubuta kwanakin hutun da ka tara. In ba ka gane ba, ko mai gida yana maka hanya-hanya, ka kai ta ofishin ƙungiyar ƙwadago irin CGIL su karanta maka. Daga nan ka kira abokanka ku tsayar da rana, kuma kada ku tashi daga wayar sai kowa ya ce ya amince.