Wuƙar Mai Rabo: Shata Mazaɓu Da Adalcin Ƙuri'a

Kalmar "ƙuri'a" ta girmi akwatin zaɓe nesa ba kusa ba. Daga Larabci Hausa ta aro ta, kuma ma'anarta ta fari ita ce abin da ake jefawa idan mutane suka yi tarayya a kan abu guda, aka rasa wanda ya fi wani cancanta. Duk wanda ya taɓa ganin watanda a Birni ko a Zango ta Damagaram gab da salla ya san yadda lamarin yake. Magidanta su haɗa kuɗi su sayi sa, mahauci ya yanka ya kasa nama kashi-kashi, tsoka da ƙashi da kayan ciki, sa'an nan kowa ya kawo alamarsa, wani tsinke, wani tsakuwa, a kira yaron da bai san alamar kowa ba ya ɗora su bisa kason da ya ga dama. Mahaucin yana daidaita rabon iyakar ƙoƙarinsa, domin kuwa bai san wane kaso zai faɗa wa amininsa ba, balle wanda zai faɗa masa shi kansa. Rashin saninsa ne ke tsare adalcinsa, ko da zuciyarsa ba ta da tsarki.

Masanin falsafar nan na Amurka, John Rawls, a kan wannan tunani ya gina littafinsa na 1971 game da adalci. A ganinsa, dokar da ta cancanci a kira ta adila ita ce wadda mutane za su amince da ita alhali suna bayan labulen rashin sani, ba wanda ya san ko attajiri zai kasance ko matalauci, ɗan babbar ƙabila ko ɗan ƙarama. Tambayar da ta shafi zaɓe ita ce: me zai faru idan mahaucin ya leƙa bayan labule, ya ga alamar kowa, kafin ya ɗauki wuƙa?

Amurkawa sun daɗe da sanin amsar. A 1812 gwamnan jihar Masacusets, Elbridge Gerry, ya sa hannu a kan dokar da ta sake shata mazaɓun majalisar dattawan jihar ta yadda jam'iyyarsa za ta ci riba. Ɗaya daga cikin mazaɓun ta fito a karkace har wata jarida ta zana ta da siffar wata halitta mai kama da ƙadangare, aka haɗa sunan gwamnan da na halittar, ya zama sunan wannan maguɗi har yau. Dabarar ba ta buƙatar satar ƙuri'a ko ɗaya. A ɗauka gari yana da masu zaɓe 500, daga ciki 300 na jam'iyyar fari, 200 na ta biyu, kuma za a raba shi mazaɓu biyar masu mutum ɗari-ɗari. Mai shata iyaka sai ya cusa magoya bayan jam'iyyar fari casa'in-casa'in a mazaɓu biyu, ya warwatsa sauran 120 arba'in-arba'in a ukun da suka rage, inda ƴan jam'iyya ta biyu suke sittin-sittin. Ranar zaɓe kowa ya yi layi, an ƙirga a bainar jama'a, wakilan jam'iyyu sun sa hannu, amma masu 200 sun tashi da kujeru uku, masu 300 da biyu. Wannan ba lissafin allo kaɗai ba ne: a 2016, a jihar Karolina ta Arewa, jam'iyyar Rifablikan ta samu kujeru 10 daga cikin 13 da ƙuri'un da suka ɗara rabi kaɗan, kuma a 2019 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa kotunan tarayya ba su da hurumin shiga irin wannan shari'a.

A Nijar wannan wuƙa ba ta yi kaifi sosai ba, saboda tsarin da aka ɗauka bayan Taron Ƙasa na 1991, wanda ɗan Damagaram, masanin tarihi André Salifou, ya shugabanta. Kowace jiha ta kasance mazaɓa guda, jam'iyyu su gabatar da jerin sunaye, a raba kujeru gwargwadon ƙuri'un da kowacce ta samu. Da wuya a karkata iyakar jiha sukutum ba tare da idon duniya ya gani ba. Sai dai wanda ya ƙudura cin kason wani ba ya rasa hanya, kuma tarihin ƙasar ya nuna hanyoyin da suka fi na Gerry gatsali. A zaɓen majalisa na Disamba 1958, jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari ta ci kujerun Damagaram da na Tasawa, aka soke sakamakon duka biyun, kafin a haramta jam'iyyar a 1959. A Yuli 1996 Janar Ibrahim Ba'are Mainasara ya rushe hukumar zaɓe ta CENI ana tsakiyar aiki, ya naɗa wata, ta ba shi kashi 52 cikin ɗari, abokan takararsa huɗu kuwa, har da Mahaman Usman, suna tsare a gidajensu. A 2009 kiran tazarce, wanda aka fara jin amonsa a Damagaram ranar aza harsashin matatar man fetur a Oktoba 2008, ya kai Tanja Mamadu ga rushe majalisa da Kotun Tsarin Mulki, ya shirya ƙuri'ar raba gardama da ƴan adawa suka ƙaurace wa, aka ce fiye da kashi 92 sun amince. Waɗannan duka ba su da wuyar hukunci a wajen mai hankali. Ɗan firamare ma ya san cewa mai kokawa ba ya korar alƙalin wasa ana cikin fage.

Abin da ya fi wahalar hukunci yana nan arewa maso gabashin jihar Damagaram, wato Tasker. Tun zaɓen 1993, cikin kujeru 83 na majalisar dokoki aka ware takwas ga mazaɓu na musamman, kowacce da kujera ɗaya, irin su Tasker da Bilma da Tasara da Bermo, domin al'ummomin da yawansu ba zai taɓa kai su majalisa ba idan aka narkar da su cikin jerin jiha, kamar Tubawa da Larabawa da Gurmawa. Kujerun majalisa sun ƙaru zuwa 113 a 2004, suka kai 171 a 2016, amma takwas ɗin nan ba su gusa ba. To, ga iyaka da aka shata da gangan, mai shatawar ya san sarai su wane ne ke zaune a cikinta, ya kuma san wa za ta amfana. Idan ma'aunin adalci shi ne rashin sanin mai rabo, ashe Tasker ƴar'uwar ƙadangaren Gerry ce ke nan?

Masu wannan zargi suna da abin riƙewa, kuma bai kamata a yi musu kunnen ƙashi ba. Suna cewa idan kujera guda ta wakilci mutanen da ba su kai yawan da kujera ke wakilta a Magarya ko Mirya ba, ƙuri'ar makiyayin rijiyoyin Tasker ta fi ta manomin kudu nauyi, alhali doka ta ce ƴan ƙasa daidai suke. Suna kuma cewa rubuta ƙabila a kan taswira yana daskarar da ita, ya koya wa yaro cewa wakilinsa sai mai harshensa.

Duk da haka akwai bambanci na asali tsakanin iyakokin biyu. Iyakar Gerry masu rinjaye ne suka shata wa kansu, domin su dawwama. Iyakar Tasker masu rinjaye ne suka shata wa wasu, suka rage daga nasu kason, a bainar jama'a, a lokacin da ba wanda ya san jam'iyyar da za ta ci zaɓen farko. Idan aka mayar da mutum bayan labulen Rawls, aka ce masa wataƙila a Birni za a haife ka, wataƙila a zangon raƙuma mai tafiyar kwanaki daga Gure, da wuya ya ƙi amincewa da kujera guda da za ta tabbatar an ji muryarsa in ya faɗa can. Amma ba mai amincewa da taswirar da aka zana don jam'iyya kaza ta yi nasara, sai wanda ya riga ya san cewa shi ɗanta ne. Kuma kujerar ba ta zama kurkukun ƙabilanci kamar yadda aka ji tsoro ba. Malamin falsafar da ya ci ta a Afrilu 1993, bayan an soke zaɓen farko na mazaɓar an sake shi, wato Bazum Muhammad, Balarabe ne daga al'umma ƴar ƙarama, kuma shi ne a Fabrairu 2021 ya kara da Mahaman Usman a zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, aka bayyana ya samu kusan kashi 56, sakamakon da abokin hamayyarsa bai amince da shi ba. Ko me mutum zai ce game da mulkinsa, ƙofar da ya shigo ta ita ƙarama ce da manya suka buɗe.

Saura batun jin ra'ayin jama'a kafin zaɓe, wanda ake yawan tambaya ko abin dogaro ne. Tarihinsa na da abin kunya sananne. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta tara amsoshi fiye da miliyan biyu, ta yi hasashen Landon zai kayar da Roosevelt, sai Landon ya tashi da jihohi biyu kacal cikin 48. Yawancin sunayen daga kundin masu tarho da masu mota aka ɗebo su, a zamanin da talaka bai da ko ɗaya, kuma waɗanda suka ga damar amsawa ba su yi kama da waɗanda suka yi shiru ba. Mai dafa tuwo da ɗan yatsa ɗaya yake gane gishirin miya, amma sai in ta motsa tukunyar. A ƙasa irin Nijar motsawar ce ke da wuya: matar da ke cikin gida ba ta fita ga baƙo, makiyayi yana rijiya, kuma talaka da ya ga mai takarda da alƙalami yakan fara tuna mai karɓar haraji. Binciken Afrobarometer, da ya fara aiki a ƙasar a 2013, yakan tambayi mutum 1200 ido da ido cikin harsunansu, kuma a ƙarshe yakan tambaye su wa suke jin ya aiko masu tambayar. A ƙasashen Afirka da dama, masu cewa gwamnati ce ba kaɗan ba ne.

Sai dai hatsarin da ba a cika faɗa ba yana ɗaya gefen. Hasashen da ya yi kuskure masu shi yake kunyatawa, kwana biyu a manta. Wanda ya dace kuwa, idan ya haɗu da sakamakon kowace rumfar zaɓe da kwamfuta mai zana taswira dubu cikin dare guda, shi ne ke yaye labulen gaba ɗaya, ya nuna wa mai wuƙa tsinken kowa. Saboda haka gyaran dokar zaɓe da ya tsaya ga rajista mai hoton yatsa, irin wadda aka yi don zaɓen 2020, ya tsare ranar zaɓe ne kawai, alhali ana iya gama cin amana tun ranar da aka rubuta dokar. Dokar zaɓe ta 2017 ta kafa CENI ta dindindin, abin da aka daɗe ana nema, amma ƴan adawa suka ƙi zama kujerunsu a cikinta na tsawon lokaci, domin a ganinsu ɓangare guda ne ya yanka ya kasa.

Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rushe majalisar, a Maris 2025 kuma aka rushe jam'iyyun siyasa baki ɗaya. Duk ranar da aka koma ga akwati, sai an sake rabon kujeru tsakanin jihohi, a kuma yanke ko Tasker da ƴan'uwanta bakwai za su ci gaba da riƙe nasu. Rabon 171 ya dogara ne ga ƙidayar 2012, wadda ta samu ƴan ƙasa miliyan 17 da ɗoriya, Damagaram na kan gaba da kusan miliyan uku da rabi. Jariran da masu ƙidaya suka tarar a goye a wancan lokacin za su cika shekarun jefa ƙuri'a a 2030.