Hukuncin Neman Kuɗi da Wasan Karta na Poker

Tambaya: Malam, ni matashi ne daga Unguwar Mu'azu a nan Kaduna. Ina buga poker a waya da mutanen ƙasashe daban-daban, kuma cin da nake yi ya fi faɗuwa yawa. Abokaina sun ce wannan ba irin cacar ƙwallo ba ce, tunda lissafi ne da iya karantar abokin wasa. Daga abin da nake ci nake saya wa mahaifiyata magani. Kuɗin nan halal ne?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da kula da mahaifiyarka, ya ba ta lafiya. Amma wannan wasa caca ne, kuɗinsa kuma haramun ne. Allah ya ambaci caca tare da giya a Suratul Baƙara, aya ta 219, inda ya nuna akwai ɗan amfani a cikinsu, sai dai zunubin ya rinjaye shi. Daga baya ya hana su baki ɗaya a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da 91.

Ban musa cewa akwai gwaninta a poker ba. Tun 1970 ake gasarsa ta duniya a Las Vegas ta Amurka, kuma akwai waɗanda suka mai da shi sana'a. Amma malamai ba sa auna caca da ƙwarewar mai yin ta. Abin da suke dubawa shi ne: kowa ya zuba kuɗi, kowa yana tsakanin ci da asara, wanda ya ci ya kwashe na saura. Dubi teburin da kake zama a wayar nan. An raba maka kati biyu a rufe, ana buɗe biyar a tsakiya, ba kai ka zaɓi ko ɗaya ba. Kana ƙara kuɗi alhali katinka ba shi da ƙarfi, don ka tsorata wani ya janye. Masu shafin kuma suna yankar kamashonsu a kan abin da aka zuba. To, duk nairar da ta shigo asusunka daga aljihun wani ta fito, bai karɓi kaya ba, ba ka yi masa aiki ba. Mai sayar da gwanjo a Kasuwar Barci shi ma yana iya cin riba ko ya faɗi, amma wanda ya ba shi kuɗi da riga yake komawa gida.

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa wanda ya gayyaci abokinsa caca an umurce shi da yin sadaka. Gayyata kawai ke nan, balle wanda ya raba dare a kai har Asuba ta kuɓuce masa.

Kada lasisin da hukuma ke ba masu harkar caca ya ruɗe ka. A Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta ƙasar nan ta yanke cewa jihohi ke da hurumin tsara harkar caca. Wannan magana ce ta wa zai ba da izini, wa zai karɓi haraji. Ba ta taɓa hukuncin Allah ba.

Abin da ya wajaba a kanka shi ne tuba yanzu. Ka cire ainihin kuɗin da ka zuba, ka goge manhajar. Abin da ka ci daga wanda ka sani, ka mayar masa. Na waɗanda ba ka sani ba, ka fitar da shi ga mabuƙata ko aikin amfanin jama'a, kamar gyaran rijiyar burtsatse a unguwa, da niyyar rabuwa da shi, ba neman ladan sadaka ba. Maganin da mahaifiyarka ta riga ta sha, ba ta san tushen kuɗin ba, babu laifi a kanta. Idan babu wata hanyar sayen na gaba, wasu malamai sun yi sauƙi ga talakan da ya tuba ya ɗebi gwargwadon larura daga abin da ba a san mai shi ba. Ka kuma sanar da 'yan'uwanka halin da take ciki, domin jinyarta nauyi ne a kanku duka.

Allah ne Mafi sani.