Wane Lokaci Ne Na Karatu?

Kowane lokaci na shekara da uzurin da yake ba mu. Da bazara mu ce zafi, da damina gona, da kaka bukukuwa, da hunturu sanyi. Haka shekara take ƙarewa littafi na shan ƙura a kan kanta, alƙalaminmu kuwa bai huta ba.

To 'yan'uwa marubuta, adalci ne mu nemi a karanta namu alhali ba mu karanta na kowa ba? Mai karatu lokacinsa yake ba mu, shi kuwa lokaci ba a mayar wa mai shi. Wanda bai taɓa biyan wannan farashi ba, ina zai san rubutun da ya cancance shi?

Mu dubi Hasumiyar Gobarau. A garin nan Ɗan Marina da Ɗan Masani suka yi karatu a ƙarni na 17, cikin bazara irin tamu, babu lantarki. Abubakar Imam, ɗalibin Kwalejin Katsina, sai da ya ƙoshi da hikayoyin Larabawa da na Turawa kafin ya rubuta Magana Jari Ce.

Ko shafi biyar ne bayan asuba, mu lazimce su rani da damina. Rumbun da ba a zuba ba, me za a ɗiba?