Fasali a kan Shirun Yaro, ko Haƙuri ne

Ka sani, ya kai mai karatu, Allah ya datar da mu da kai, cewa babu kalmomin da suka fi yawa a bakin manya idan suna magana da ƙaramin yaro kamar "yi shiru" da "yi haƙuri". Ana faɗa masa su tun bai iya ɗaure wandonsa ba. Idan ya haɗiye kukan sai a ce yaron kirki ne, idan ya ƙi sai a kira masa dodo ko a ɗauko tsumagiya. Abin da nake so mu bincika tare da kai shi ne, shin wannan shirun da tsoro ya haifar shi ne haƙurin da ake yabo, ko kuwa wani abu ne dabam da ya ari rigarsa?

Dubi yaron da aka yaye. Shekararsa biyu ko kusa da haka, bai san wani masauki a duniya ba sai bayan uwarsa da ƙirjinta. Rana ɗaya a shafa wa nono abu mai ɗaci, ko a ɗauke shi a kai shi ɗakin kakarsa, a haɗa shi da kunu. Bayan 'yan watanni sai ya ga wani jariri a goye a inda yake kwanciya, mata suna ta shigowa barka, babu mai ta tasa. Daga nan sai ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ya ƙi tuwo, ya faki ido ya mintsini jaririn. Mutanen gida su ce ya cika rigima. Alhali kuwa abubuwa biyu ne ke cin sa, kewa da kishi, kuma bai san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Abin da baki bai iya faɗa ba, hannu da haƙori su ke faɗarsa.

Ba ƙarancin kalmomi ke damun mu ba. Magabata sun bar mana su da yawa, har sun nuna inda kowane ke zama a jiki: ciki ya yi fari ko ya yi baƙi, rai ya ɓaci, gaba ya faɗi, hankali ya tashi. Sun rarrabe fushi da haushi, suka rarrabe haushi da takaici, domin mai takaici an yi masa abin da ba shi da ikon ramawa. Sun san tsoro dabam, fargaba dabam, domin fargaba ta abin da bai iso ba tukuna ce. Muna koya wa yaro sunan akuya da tunkiya don kada ya rikita su, muna koya masa sunan dawa da gero, amma mu bar shi ya girma bai san sunan abin da ke tafasa a ƙirjinsa ba.

Idan ka ce, ai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma kunya da dauriya su ne adon mutum, sai in ce maka gaskiya ka faɗa, amma wannan karin magana ta baligi ce. Mai haƙuri shi ne wanda ya san abin da ya same shi, ya san yana da ikon yin magana ko ramuwa, sa'an nan ya zaɓi ya danne. Wanda bai san abin da yake dannewa ba, bai zaɓi kome ba, an toshe shi ne kawai, kamar tukunyar da aka danne murfinta da dutse wuta na ci a ƙarƙashi. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111 miladiyya, ya yi bayani a cikin Ihya'u cewa manufar horon rai ba tumɓuke fushi daga tushe ba ce, domin ba ya tumɓukuwa kuma akwai bukatarsa, manufar ita ce a mai da shi tsaka-tsaki ƙarƙashin hankali. To, yaya za a sa wa doki linzami alhali ba a yarda akwai doki a bargar ba?

Akwai labarin Abu Umairu, ƙanin Anas ɗan Maliku, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito. Yaro ne ƙarami, Anas ya ce yana zaton an yaye shi, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Tsuntsun ya mutu. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shigo gidan ya gan shi cikin baƙin ciki, ya tambayi dalili aka gaya masa, sai ya kira yaron da alkunyarsa kamar yadda ake kiran manya, ya tambaye shi labarin tsuntsun. Bai ce masa tsuntsu ba abin kuka ba ne. Wani malamin Shafi'iyya, Ibnul Ƙassi, ya fitar da fa'idodi sittin daga wannan ɗan gajeren labari. Ni wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce, babba ya lura da fuskar yaro, kuma ya buɗe masa ƙofar magana a kan ainihin abin da ya rasa.

Masu binciken ƙwaƙwalwa ma sun taɓo wannan. A shekarar 2007 Matthew Lieberman da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles, Amurka, sun nuna wa mutane hotunan fuskoki masu fushi da masu tsoro, na'ura tana duba ƙwaƙwalwarsu. Duk sa'ad da mutum ya zaɓi kalmar da ta dace da halin fuskar, sai motsin wani ɗan curi mai suna amigdala, wanda ke zabura idan an ga abin tsoro, ya ragu, motsin wani sashe na gaban ƙwaƙwalwa ya ƙaru. A kan manya aka yi gwajin. Amma wannan sashen na gaba, mai taka wa mutum burki, ba ya gama nuna sai an haura shekara 20, saboda haka yaro ɗan shekara 3 aron hankalin babba yake yi kafin nasa ya kawo ƙarfi.

Aikin ba mai wuya ba ne. Ka durƙusa idonka ya daidaita da nasa, ka ba abin suna da sigar tambaya: "Haushi ka ji da aka ƙwace maka?" Idan ka kuskure zai girgiza kai, wannan ma ilimi ne. Sa'an nan ka raba masa abin da ya ji da abin da ya aikata, ka ce jin haushi ba laifi ba ne, amma jifa laifi ne, kuma ka tsaya a kan haka ba sassauci. Kada ka ce masa allura ba zafi alhali da zafi, domin ka koya masa ƙaryata jikinsa, ko ƙaryata ka. Kada kuma ka yi masa dariya a gaban sa'o'insa don ya ce yana tsoron duhu. Wanda aka yi wa dariya sau ɗaya ba ya sake kawo maka kayansa, kuma ranar da wani mugu ya taɓa shi, ya tsoratar da shi ya ce kada ya gaya wa kowa, shirun da ka koya masa shi zai yi.

Na san akwai uwar da alkunya ta hana ta jan ɗan fari a jiki a gaban mutane, ko sunansa ba ta kira. Ban zo rushe wannan ba, amma wajibi ne a samu wani a gidan da zai tsaya a madadinta, kuma al'ada ta riga ta tanadi kaka. Ita ce mai wasa da jika, ita ce ba ya jin nauyi. Idan ta ga yayayyen nan ya raɓe a bakin ƙofa yana hararar jariri, sai ta jawo shi kan tabarma ta ce, "Zo nan, maigidana. Kishi kake yi da ɗan baƙon nan da ya ƙwace maka bayan Inna, ko?" Ya sunkuyar da kai ya ce i. Ta ce, "Ubanka ma haka ya yi da aka haifi Gwaggonka, har ya ce a mayar da ita inda aka samo ta."