Fari ko ƙeƙashewa? Addu'ar da ba ka jin komai a cikinta

Kalma ɗaya ce ta jawo wannan rubutu. Abokin ɗakina a jami'a Kirista ne, ɗan Katolika, haifaffen Damagaram, Hausa a bakinsa kamar tawa. Wani dare muna shan shayi a fada sai ya ce mini: "Kai mai karatun harsuna, ya za ka ce sécheresse spirituelle da Hausa?" Ban ko tsaya tunani ba na ce ƙeƙashewar zuciya. Ya ajiye kofi, ya yi shiru. Can ya ce, "Ashe ni mai ƙeƙasasshiyar zuciya ne ke nan." Sai a lokacin na gane ba aikin aji aka ba shi ba. Halin da yake ciki yake nema wa suna.

Ya ce shekara biyu ke nan yana zuwa coci kowace Lahadi, yana jan carbinsa da dare, amma kamar da bango yake magana. Da can in ya durƙusa yakan ji sanyi a ransa, yanzu ko ɗigo babu. Abin da ke hana shi barci kuwa tambaya ce: in ya ci gaba da addu'a alhali ba ya jin komai, ba munafunci yake yi ba?

Ni Musulmi ne, amma wallahi tambayar ba baƙuwa ba ce a wurina. Wane ne a cikinmu bai taɓa sallame salla ba ya rasa abin da ya karanta?

Fassarata ce ta fara cutar da shi, don haka daga nan zan fara. Ƙeƙashewa muna faɗinta ga wanda zai ga maraya yana kuka ya wuce abinsa. Laifi ne, kuma na mai zuciyar ne. Kalmar da ta dace ita ce fari. A ƙauyenmu can wajen Dungass, in ruwa ya ɗauke bayan shuka, dattawa kan ce zunubanmu ne, a fita roƙon ruwa gari guda. Amma ban taɓa ganin an nuna gonar mutum ɗaya an ce ita ta kori hadari ba. Fari daga sama yake zuwa, ya sami mai himma ya sami rago.

Da na bincika sai na tarar ƴan Katolika sun daɗe da raba waɗannan biyun. Yohana na Gicciye, wani malaminsu na ƙasar Sifen, wanda ƴan'uwansa na ɗariƙa suka kulle a wani ɗan kurkuku a Toledo daga ƙarshen 1577 zuwa 1578, shi ya kira wannan hali dare mai duhu. Ya ba da alamomin gane shi. Wadda ta fi kama ni ita ce: mai sakaci ba ya damuwa da sakacinsa, amma wanda fari ya kama kullum cikin fargaba yake, yana ganin kamar shi ne ya kasa bauta wa Allah. Wato rashin barcin abokina ma shaida ce a gare shi. Inyasiyus na Loyola kuma, wanda ya kafa ƙungiyar Jezuwit, shawararsa gajeruwa ce: a lokacin ƙunci kada ka sauya abin da ka ƙudurta lokacin da kake cikin haske.

To amma munafuncin fa? Nan karatunmu ya yi mini rana. Wani Bature masanin falsafar harshe, J. L. Austin, ya nuna cewa akwai maganar da ba labari take bayarwa ba, ita kanta aiki ce. Ku duba wurin ɗaurin aure. Waliyyi ya ce ya bayar, wakilin ango ya ce ya karɓa, shaidu sun ji, aure ya ɗauru. Ba wanda zai tambayi waliyyi ko zuciyarsa ta yi fari tas a lokacin. Wataƙila ma tunanin bashin kayan ɗaki yake. Abin da zai ɓata maganarsa shi ne a ce bai yi niyyar bayarwa ba. Addu'a irin wannan magana ce. Munafuki shi ne wanda bakinsa ke wajen Allah, idonsa na wajen mutane. Wanda ya rufe ƙofa, ba mai ganinsa, ya durƙusa ba tare da ko ladan jin daɗi ba, wa yake yaudara? Mun haɗa niyya da shauƙi a buhu ɗaya, alhali niyya tana hannunka, shauƙi kuwa kamar hadari ne, ba kai ke kaɗa shi ba.

Duk ɗan Magaria ko Dungass ya san binne. Rana na dukan ƙeya, ƙasa bushe ƙamas, ba alamar gajimare, mutum ya ɗauki sungumi ya shiga gona. Yana sara, yara na biye suna zuba iri suna rufewa da diddige. Irin nan fa daga rumbu ya fito, a lokacin da rumbu ya kusa ganin gindinsa, hatsi ne da za a iya dakawa a sha fura yau. Kuma kowa ya san kasadar: a yi ɗan yayyafi ya tsiro, rana ta ƙone shi, ko tsuntsaye da ɓeraye su tone. Duk da haka ba wanda ke kiran mai binne munafuki don bai ji ƙamshin ruwa ba. Cewa ake ya yi sammako.

Sai dai kada in yi muku wayo, misalin yana da inda ya gaza. Mai binne makonni yake jira. Uwa Teresa ta Kalkata, wadda ta karɓi kyautar Nobel a 1979, wasiƙunta da aka buga a 2007, shekara goma bayan rasuwarta, sun nuna ta yi kusan shekara hamsin tana jin kamar Allah ya juya mata baya, in ban da ƴan makonni a 1958. Wasu marubuta marasa addini suka ce ai ga shi nan, ta daina imani tuntuni, kunya ce ta hana ta faɗa. Ni ban ga haka ba. Ba ta ɓoye wa malaman da ke ja mata gora ba, ta rubuta musu ɓaro-ɓaro, kuma kowace asuba ta tashi addu'a ta fita wajen marasa lafiya. Abin da labarinta ya rusa shi ne tunanin da yawancinmu muke ɗauke da shi a ɓoye, cewa dogara ga Allah ciniki ne: in yi haƙuri wata uku, a biya ni da natsuwa. In haka ne, natsuwar muke bauta wa.

A ƙasarmu ma an ga irinsa. Fada Pier Luigi Maccalli (wannan fada limamin coci ne, ba ta shayi ba), ɗan Italiya, ƴan bindiga sun sace shi a Bomoanga, kusa da iyakar Burkina, ranar 17 ga Satumba 2018, ba a sake shi ba sai Oktoba 2020 a Mali. Bayan fitowarsa ya ba da labarin yadda ya yi ta tambayar Allah dalilin yashe shi, ba amsa sai shirun hamada. Ba coci, ba littafi. Ya ƙulla carbi da hannunsa ya ci gaba da ja. Ƙorafin da addu'ar tare suka tafi, ɗaya bai kori ɗaya ba.

Mu ma muna da namu. Malaman tafsiri sun ce Suratud Duha ta sauka ne bayan wahayi ya yanke na wani lokaci, har mushirikai suna yi wa Annabi (SAW) gori. Sufaye kuma suna maganar ƙabdu da basɗu, ƙuntatawa da buɗawa, suna ɗaukar duka biyun daga hannu ɗaya suke.

Abu ɗaya zan ja kunne a kai. In farin ya wuce wurin addu'a, ya kai ga abinci ba daɗi, karatu ba ya shiga, mutum ya fara ƙin ganin kowa, wannan a je asibiti, kuma a gaya wa wani. Ba raunin imani ba ne.

Bayan kwana uku na koma wa abokina na ce na janye fassarata, fari ne. Ya maimaita kalmar sau biyu, ya yi ƴar dariya, ya ce, "To malam, yaushe ruwa?" Na ce wannan ba a sashenmu ake koyar da shi ba. Ran Asabar da dare ya ari dutsen gugana, ya goge farar rigarsa ya rataye a ƙusa.