Wazifarmu da Shaidar da Muke Ɓoyewa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Mai tsare bayinsa dare da rana. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa. Allah Ya ƙara yarda da Maulanmu Shehu Ahmadu Tijjani da Maulanmu Shehu Ibrahim Inyass.

Ya ku 'yan'uwana ahbabu, ni ɗalibi ne, ban kai in yi wa manya wa'azi ba. Tunatarwa ce nake yi wa kaina da tsarana, iyayenmu muƙaddamai kuma su gyara mani inda na kauce.

Hutun da ya wuce na bar Maraɗi na koma gida a gundumar Gidan Rumji. Abin da na fara lura da shi a zawiyarmu shi ne da'irar wazifa ta tsuke. Dattawan da ke tahowa daga ƙauyukan gefe sun daina zuwa, domin ba mai son duhu ya riske shi a hanya. Waɗanda suka zo ma, da an shafa Fatiha kowa ya nufi garkensa.

Ba sai na ba ku labarin dalili ba. Tun da ta'asar 'yan bindiga ta tsananta a Zamfara da Katsina da Sakkwato, ta tsallako iyaka ta same mu. A 2019 dubun dubatar 'yan'uwanmu suka gudo daga Najeriya suka sauka a ƙauyukanmu, daga baya aka matsar da wasunsu nesa da iyaka, zuwa Cadakori da Ɗan Daji Makau da Garin Kaka. Tun daga nan korar shanu da ɗaukar mutum don kuɗin fansa suka zama abin da ake kwana da shi a zuci. Abokan karatuna na Agye da Gazawa kuwa, abin da suka fi kuka da shi satar dabbobi ne da babura da fasa shaguna.

Duk majalisar da ka zauna, ƙorafin ɗaya ne. An kira jami'an tsaro cikin dare, ba su iso ba sai da gari ya waye. An kama ɓarawo, bayan 'yan kwanaki ga shi a kasuwa yana cin tsire. An kai rahoto a asirce, sai ga sunan mai rahoton a bakin mutanen gari. Wannan kuka gaskiya ne, kuma hakki ne a kan hukuma ta saurare shi. Wanda aka ba amanar tsaron mutane ya yi sakaci ko ya karɓi na goro, Allah zai tambaye shi. Adalci kuma shi ne mu faɗi ɗaya gefen: iyakar doguwa ce, ƙauyuka a warwatse suke, da damina hanya ta yanke, gero ya yi tsawo ya ɓoye mai tafiya. Akwai sojoji da jandarmomi da suka bar marayu saboda mu yi barci.

Amma ni abin da ya hana ni sukuni wani ne daban. Mutumin da ya taso daga dajin wata ƙasa cikin dare, wa ya gaya masa gidan wane ne aka sayar da wake jiya? Wa ya nuna masa ɗakin da maigida yake kwana? Saniyar da aka kora, a hannun wa ta ƙare?

An kore wa wani kawuna shanun huɗarsa biyu gab da faɗuwar damina. Kafin azahar rabin gari ya san yaron da aka gani da baƙi a bakin rijiya da yammacin ranar. Da jami'ai suka zo tambaya, kowa ya ce barci yake yi. Ni ma ina wurin, na ji abin da ake raɗawa, bakina bai buɗe ba. Da yamma muka zauna wazifa, muka ja istigfari 30 kamar kullum, harshena yana motsi amma ƙirjina ya yi nauyi. A ƙarshen Suratul Baƙara Allah Ya hana ɓoye shaida, kuma da Ya zo faɗin laifin mai ɓoyewa, zuciyarsa Ya ambata. Ita ce fa zuciyar da muke cewa muna wankewa da lazimi safe da yamma.

Na san tsoro ne, ba mugunta ba. Mutum yana da 'ya'ya, yana gudun a dawo masa da dare. To amma alƙali ba ya ɗaure mutum da raɗe-raɗin majalisa. In muka ƙi ba da shaida, aka saki ɓarawo, muka koma muna zagin hukuma, to muna da kamasho a sakin nan.

Wani zai ce tawakkali ya ishe mu, muna da wuridi, muna da addu'o'in tsari. Haka ne, kuma ba abin da ya kai su. Sai dai Shugaba (SAW), wanda ba mai kai shi dogaro ga Allah, shi ne ya umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara. Akwai daren da ya yi fatan wani salihi cikin sahabbansa ya yi gadinsa, sai ga Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas da makaminsa. Wani dare kuma aka ji ƙara a Madina, mutane suka fito a firgice, suka tarar ya riga su, yana dawowa a kan dokin Abu Ɗalha yana kwantar masu da hankali. Saurayin da ya karɓi layin gadi a unguwa da niyya mai kyau, tasbaharsa a hannu, hidima yake yi, kamar mai share zawiya.

Maganin tsoron nan, a ganina, yana cikin abin da muka riga muka saba da shi, wato jam'i. Mutum ɗaya ne ake iya ritsawa. In muƙaddami da mai gari da dattawa goma suka tashi tare suka je gaban hukuma da magana ɗaya, sunan wa za a fitar? Mun iya cika mota mu tafi Kiyota ko Kaulaha mauludi. Cika amalanke ɗaya mu raka ɗan'uwa kai ƙara bai fi ƙarfinmu ba.

Sai batun kasuwa, wanda ya fi shafar masu hali a cikinmu. Bijimin da aka yi maka tayinsa rabin kuɗi, ba dillalin da ya san mai shi, kai ma ka san abin da ake ciki. Malamanmu sun koya mana cewa tuba daga hakkin mutane ba ta cika sai an mayar wa mai hakki hakkinsa. Salatul Fatihi ba ta halatta naman sata. Kada mutum ya zauna gaban farin ƙyalle yana Jauhara, alhali sa'in maraya yana ɗaure a turkensa.

Haka nan shaida ba zato ba ce. Abin da ido ya gani shi ake faɗa. Suratul Hujurati ta umarce mu da bincike kafin mu afka wa mutane da labarin da ba mu tantance ba, Ma'ida kuma ta hana ƙiyayya ta ja mu ga rashin adalci. Na ji samari suna jifan Fulani gaba ɗaya da sunan ɓarayi, alhali garken Bafulatani ake fara korewa, kuma da yawansu kafaɗa da kafaɗa muke zikirin Juma'a da su. Wanda aka kama, a miƙa shi ga hukuma da ransa. Jinin da taron gari ya zubar bisa kuskure, ba adadin hailalar da zai sa a ce ba a zubar ba.

Kafin in dawo makaranta na je na sami muƙaddaminmu na gaya masa abin da na ji ran nan, da waɗanda na ji shi a bakinsu. Ya yi shiru, sannan ya ce in an idar da wazifa kada kowa ya tashi.

Allah Ya kuɓutar da waɗanda ke hannun 'yan bindiga, Ya mayar wa kowa abin da aka raba shi da shi, Ya ba jami'anmu gaskiya da nasara, Ya zaunar da Maraɗi da maƙwabtanta lafiya, albarkacin Shugaba (SAW). Amin.