Amanar Mai Raba Magana

Duk wanda ya san ƙasar Magarya da Dungas, tun daga Bande da Waca har Malawa, ya san mutanenta ba a raba su da zancen mulki, gama suna zaune a bakin iyaka, kunnensu ɗaya yana Damagaram da Yamai, ɗaya yana Kano da Dutse, kuma abin da aka ƙulla a can, a rumbunansu da kasuwanninsu yake warwarewa. To, a kowace majalisa da ake irin wannan zance, ko ƙofar fadar hakimi ce, ko fadar samari inda ake dafa shayi, ko ɗakin gidan rediyo, akan sami mutum guda wanda aka ɗora wa amanar raba magana, shi ne mai cewa wane ya faɗi, wane ya dakata, wane kuma ya wuce haddi. Mas'alar da ke gabanmu ita ce: wane irin adalci ne ya wajaba a kan wannan mutum, alhali shi ma ɗan Adam ne mai ra'ayi da dangi da abokan cin tuwo?

Malaman fiƙihu sun daɗe da yin bahasi a kan makamancin wannan a babin alƙalanci, inda suka shar'anta wa alƙali ya daidaita masu husuma a wurin zama da kallo da sauraro, suna kafa hujja da wasiƙar Sayyidina Umar zuwa ga Abu Musa al-Ash'ari, suka kuma hana shi yanke hukunci yana cikin fushi. Amma akwai bambanci wanda ya kamata a lura da shi. Alƙali yana da hukunci a ƙarshe, wanda idan ya dace da gaskiya zai iya shafe ɗan karkacen da aka gani a fuskarsa. Shi kuwa mai raba magana ba shi da hukunci ko kaɗan, domin jama'a ne za su yanke wa kansu bayan sun watse, saboda haka adalcinsa gaba ɗaya yana cikin waɗannan ƙananan al'amura, wato wa ya ba dama, wa ya katse, wa ya yi wa murmushi, kuma idan ya karkata a cikinsu babu sauran wurin da zai gyara.

Mafi yawan zaluncin da na sani a wannan fage ta ƙofar wata doka mai kyawun fuska yake shigowa, wato a ce ban da siyasa. Wanda ya kafa ta yakan nufi zaman lafiya, ban musa ba. Sai dai ina iyakar siyasa? Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta a watan Agusta na 2019, da lokacin da aka sake rufe su bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, mai dabbobin da ya saba kai su kasuwar Maigatari, idan ya yi kukan hasararsa, zancen abincinsa yake yi ko zancen siyasa? Tun da dokar ba ta da haddi sananne, sai zuciyar shugaban majalisa ta zama ita ce haddin: abin da ya dace da ra'ayinsa ya ji shi gaskiya ce kurum wadda kowa ya sani, abin da ya saɓa masa kuwa ya kira shi fitina, kuma yana yin haka da zuciya ɗaya, bai san yana yi ba. Wannan shi ne mai awo da tiya biyu, babba idan zai saya, ƙarama idan zai sayar, wanda Alƙur'ani ya yi wa narko a surar Muɗaffifina. Illa dai ɗan kasuwa ya san tiyoyinsa biyu ne, wannan kuwa zai rantse maka ɗaya ce.

Ƙasar Nijar ta taɓa gwada wannan al'amari a fili mafi girma, a babban taron ƙasa da aka yi a Yamai daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, wanda aka ɗora shugabancinsa a kan Farfesa André Salifou, haifaffen Zinder, masanin da ya rubuta tarihin daular Damagaram. A wannan zaure aka tono abin da ba a iya faɗi a da, kamar kisan ɗalibai a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990 da kashe-kashen da aka yi a Cintabaradan, kuma samun irin wannan dama ba ƙaramar ni'ima ba ce. Duk da haka, tun kafin a buɗe taron, ranar 13 ga Mayu, mata suka fito zanga-zanga domin mace ɗaya tak aka sa a kwamitin shirya shi. Kuma da yake da Faransanci aka yi yawancin muhawarar, manomin Magarya mai sauraro ne kawai a cikin zancen da ya shafi geronsa da harajinsa. Ashe rabon magana yana farawa tun daga rabon tabarma, kuma ana iya daidaita mintoci tsakanin waɗanda suka shiga alhali an riga an tauye waɗanda aka bari a waje. Shi kansa shugaban taron ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1999, zaɓen da Tandja Mamadou ya ci; ban kawo wannan don aibu ba, sai don a ga cewa ba a samun mai raba magana marar ra'ayi, abin nema shi ne wanda ya san yana da shi, ya kuma ɗaure shi muddin yana bisa kujera.

Wani zai ce, ashe ke nan sai a daidaita mai gaskiya da maƙaryaci? A'a. Haddi wajibi ne, amma a kan aiki ake kafa shi, irin su zagi, da ƙazafi, da gorin asali, da tunzura mutane ga zubar da jini, waɗanda ana gane su ko daga bakin wa suka fito. Sai a bayyana su tun kafin a zauna, kuma duk wanda aka katse a gaya masa dalili a gaban jama'a, domin gobe idan wani ya yi irin nasa aka ƙyale, kowa ya gani. Kafin shugaba ya tsawata, ya sauya sunaye a ransa: da ɗan ɓangarena ne ya faɗi wannan a kan nasu, zan hana shi? Idan har shekara ta zagayo bai taɓa katse amininsa ko yayansa ba, alhali ya katse abokan hamayya ba adadi, to ya binciki kansa, domin da wuya a ce ladabi duka ya taru a gefe guda na tabarma.